Akwatin Ɗan Mazan Jiya: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Kakanmu ya rasu bana yana da shekara kusan ɗari. Ya yi yaƙin Burma, ya dawo ya riƙe gida ya tarbiyyantar da 'ya'ya da jikoki. Ya bar akwatin ƙarfe da takardu da lambobin yabo. Muna son rubuta tarihinsa, amma ba mu san ta inda za mu kama ba. (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Allah ya jiƙansa, Malama, ya sa Aljanna makomarsa.

Ki fara da neman lambarsa ta soja, domin ita ce mabuɗi. Suna kaɗai ba ya isa: a lokacin Turawa akan rubuta mutum da sunansa da na garinsu ko ƙabilarsa, sai a sami masu suna iri ɗaya da yawa a bataliya guda. Lambar tana jikin takardar sallama ko ta fansho, tare da muƙaminsa, kofur ne ko saje ko samanja. Kada ki ɓata lokaci kina nemanta a jikin lambobin yabo, yawancin waɗanda Birtaniya ta bayar a Yaƙin Duniya na Biyu ba suna a kansu.

Sojojin Afirka ta Yamma sun je Burma a runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ta yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, kuma a Janairun 1945 aka ƙwace garin Myohaung. In kin ga lambar yabo mai siffar tauraro da ƙyalle ja a tsakiya, gefensa shuɗi da ratsin ruwan lemo, to Tauraron Burma ne. Da lambarsa ta soja a hannu, ki tuntuɓi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji (Nigerian Legion) na jiharku, ki kuma leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna.

Takardun nan kuwa, don Allah kada a kai su a manna musu leda. Zafin injin yana lalata tsohuwar tawada, kuma in an manna ba ta ɓantaruwa. A cire ƙusar takarda da ta yi tsatsa, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da rana, a sa kowace a ambulan ɗinta. Akwatin a ɗora shi sama, nesa da bango, saboda laimar damina da gara. Lambobin a share su da busasshen tsumma mai laushi. Gogewa da toka ko man goge ƙarfe tana cinye zanensu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne bakin tsofaffi. In iyalinsa na raye, ko ƙannensa, a zauna da su ɗaya-ɗaya, a naɗi murya a waya, rabin awa ya isa kada su gaji. Kada a ce "ba mu labarinsa", za a ji "mutumin kirki ne" a tsaya nan. A tambayi wace sana'a ya kama da ya dawo, wa ya sa a makaranta, me yake yi bayan sallar asuba.

Sannan magada su yi shawara wa zai riƙe akwatin, a rubuta, kowane ɗaki a tura masa hotunan.