Tambayoyin Masu Karatu: Rigar Nutso Wadda Ruwa Ba Ya Shiga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai nutso ne a tafkin Lagdo, da kwalbar iska nake shiga ina ciro injin kwalekwale da taru idan sun nutse. Wani ɗan'uwana a Faransa ya ce zai aiko mini da rigar nan wadda ruwa ba ya taɓa jikin wanda ya sa ta. Wace iri zan ce ya saya? Daga mai karatu a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ya biya kuɗi, ka sani don ruwan sanyi aka yi rigar nan, wanda ya gaza digiri 15. Ruwan Lagdo ko da hunturu ba ya kaiwa can. Idan sanyi kaɗai kake gudu, rigar niyofirin (wata roba ce mai laushi kamar soso) ta yau da kullum, wadda ruwa ke shiga, mai kaurin milimita 3 ta ishe ka, ko milimita 5 idan kana daɗewa a ƙasa. Kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, mutumin da aka rufe cikin riga mai hana iska fita yana iya suma a cikin kwalekwale tun bai taɓa ruwa ba.

Abin da zai sa mu ce ka karɓe ta shi ne ƙazantar ruwa. Ƙwayar tsargiya ta fata take shiga, ta fi yawa a bakin tafki inda ruwa ke kwance da dodon koɗi, ga kuma man da ke tsiyaya daga injin da ya nutse. Don irin wannan aiki ka ce ya nemi ta roba mai santsi, irin ta kamfanin Viking, wadda takalmi da hula ke haɗe da ita. Ba ta shan ƙazanta, da sabulu ake wanke ta, idan ta huje kuma ana like ta kamar yadda mai faci ke like tayar babur. Ta yadi mai falle uku ta fi sauƙin nauyi da saurin bushewa, sai dai mai yana kama yadin. Ta niyofirin mai kauri kada ma ya duba ta, zafi zai dafa ka. Ka haɗa da safar hannu mai hana ruwa da abin rufe fuska duka, domin rigar ba ta kare baki da ido.

Sai bakin wuya da na hannu, inda ruwa ya fi samun hanya. Na lates, wato siririyar roba mai miƙewa, ya fi kamawa, amma zafi da rana da fetur suna cinye shi, ya yi danƙo ya tsage. A ƙasarmu wannan babbar magana ce, tunda mai gyaran irin rigar yana da nisa. Shi ya sa muka fi son rigar da ke da zobe wanda ake cire bakin a sa sabo da hannu, a aiko da na canji biyu ko uku. Sabon bakin wuya yakan matse. Akwai layuka a jikinsa, sai ka yanke layi ɗaya da almakashi mai kaifi, ka gwada, ka ƙara idan da bukata. Wanda ya matse yana danne jijiyar wuya har mutum ya ji jiri, wanda aka yanke fiye da kima kuwa ya tashi aiki. Ko ɗan tsaga ƙanƙani ka bari a gefen, daga nan zai yage.

Ka aika masa da awon tsayinka, ƙirji, ƙugu, daga cinya zuwa ƙasa, da lambar takalmi. Idan ta zo, ka tsuguna ka ɗaga hannu biyu sama, kada ta ja ka a ko'ina. Ka kuma tuna masa da tiyon da ke kai iska daga kan kwalba zuwa bawul ɗin ƙirji, don bakinsu ba iri ɗaya ba ne, kuma riga babu tiyo ba ta shiguwa ruwa.

TAMBAYA: An kawo mini gwanjon irin wannan riga a Njamena da araha. Me zan duba? Daga mai karatu a Kuseri.

AMSA: Ɗan'uwa, fara da zif, shi ne mafi tsada a jikinta. Idan haƙori ɗaya ya karye ko zaren gefensa ya fara zarewa, bar ta. Ja bakin wuya a hankali ka duba ko da ƙananan tsaga. Daga nan ka rufe zif, ka toshe wuya da ƙwallo, hannaye da kwalabe, ka rufe bawul ɗin kafaɗa mai fitar da iska, ka hura ta, ka shafa ruwan sabulu a kan ɗinki. Duk inda kumfa ya taso, akwai huda. Idan ka saya, ka riƙa goga kakin zuma a bayan haƙoran zif na ƙarfe, ka barbaɗa hoda marar turare a bakin lates, ka rataye ta a inuwa nesa da janareto da jarkar mai. Kada ka lanƙwasa zif ɗin.

TAMBAYA: Gaskiya ne rigar tana iya juya mutum ƙafa sama? Daga mai karatu a Marwa.

AMSA: Gaskiya ne, Malam, kuma yana kisa. Duk kusan mita 10 da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), iskar cikin rigar ta tsuke, rigar ta matse ka har ta bar shaida a fata. Don haka ake danna bawul ɗin ƙirji kaɗan-kaɗan don a ƙara wa rigar iska. Idan ka zuba da yawa kuma kanka ya yi ƙasa, iskar ta gudu ƙafa, bawul ɗin fitarwa kuwa yana kafaɗar hagu, ba ta da mafita. Kana tashi tana kumbura: daga mita 10 zuwa sama ninki biyu take yi. Tashi da gudu haka yana iya fasa huhu ko ya sa iska ta yi kumfa a jini, alhali ƙa'ida kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya.

Idan ta faru, ka naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ka wuntsila har kai ya dawo sama, ka ɗaga kafaɗar hagu iska ta fita. Idan bawul ɗin ƙirji ne ya maƙale yana ta hura iska, cire tiyon nan take, ka ja bakin wuya iska ta fice ko da ruwa zai shiga. Waɗannan ana koyon su ne a ruwa marar zurfi, mita 2 zuwa 3, gaban malamin da ya san rigar, har hannu ya saba kafin a je wurin aiki da ita. Darmar da kake ɗaurawa a ƙugu don ka nutse ma sai an sake auna ta, domin wannan riga tana bukatar nauyi fiye da wadda ka saba.