Tambaya da Amsa: Katakon Layin Dogo a Lambun Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun tare a sabon gida, bayan gidan kuma akwai fili mai ɗan gangare da ruwan sama ke kwashe wa ƙasa. Ina ganin hotunan lambunan Ingila inda ake jera katakon nan mai kauri da ake ɗora layin dogo a kai, a yi fangali mai tudu da shi. Ina son in shuka alayyafo, tumatir da na'ana'a, yara ma su sami wurin zama a gefe. Wani ya ce zai samo mini tsofaffin na layin dogo da araha. In saya? In ba haka ba, me zai maye gurbinsu?

Uwar yara uku, daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Kada ki saya. Ki tambayi mutumin nan takardar gwanjo, ki ga yadda zai fara kame-kame. Duk abin da ke kan layin dogo mallakar hukumar jiragen ƙasa ce, kuma an sha kama motoci maƙare da kwangiri da ƙarafan shimfiɗa na sata. Wanda aka samu kayan a gidansa shi zai yi bayani, ba dillali ba. Sannan katakon ma ba shi da yawa a nan. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, akasarinsa a kan ƙarfe yake zaune, saboda gara. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa na kankare ne.

Ko da halastacce ne, ba zan so shi kusa da alayyafonki ba. Tsohon katakon dogo ana jiƙa shi da wani baƙin mai da ake tacewa daga kwaltar kwal, kiriyosot, don kada ya ruɓe. Turawan da kike ganin hotunansu sun taƙaita amfani da shi tun 2003: ba a sa irin wannan katako a filin wasan yara, ko inda fata za ta riƙa taɓa shi, ko a mazubin da ake shuka abin ci. Da zafi ya buga masa sai ya fara tsatso yana wari, yana ɓata tufafi. In hakan na faruwa a ɗan zafin Ingila, ki ƙiyasta ranar watan Afrilu a Kaduna. Tsohuwar falwayar wuta ta katako ma hukuncinta ɗaya, irin man ake sa mata. Yawancin abin da ke cikin hotunan nan sabon katako ne da aka yanka da siffar na dogo, bai taɓa ganin jirgi ba.

Abin da zai yi miki hukunci a bayan gidan nan abu biyu ne, gara da danshi. Fangali kuwa kullum ana ba shi ruwa, wato kin haɗa wa gara abinci da abin sha a wuri guda. Don haka ni abin da nake yi wa mutane shi ne in raba aikin: abin da zai taɓa ƙasa ya zama bulo ko dutse, katako ya hau sama inda ido zai gan shi.

Ga lissafi. Fangali mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 ya isa, don hannunki zai kai tsakiya ta kowane ɓangare ba sai kin taka ƙasar ba. Kewayensa ƙafa 24 ke nan. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18 ne, saboda haka kusan guda 16 za su zagaye shi sau ɗaya, jeri biyu 32, tsayin ya kai inci 18. Mai inci 6 ya wadatar, ba ɗaki ake ginawa ba. Magini ya bar 'yan ƙofofi a jerin ƙasa don ruwa ya fita. A kan bulon sai kafinta ya kwantar da katako mai faɗi ya ɗaure da noti, ga wurin zaman yara, ga kuma kamannin da kike so. In kina da hali, jan bulo ya fi na siminti kyau kuma ba ya son fenti. Wajen gangaren nan kuwa dutse nake so, a jera shi matakala biyu ko uku gajeru maimakon katanga ɗaya doguwa, a zuba tsakuwa a bayansa. Katangar da ta tare ruwa ba mafita, damina ɗaya za ta ture ta.

In kuma zuciyarki na kan itace ne daga sama har ƙasa, nemi azara. Mun raina ta ne kawai don ta zama kayan gidan ƙasa. Ita ce ta riƙe rufin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a ƙarni na 19, da sorayen Gidan Makama a Kano. Gara ba ta cika iya mata ba, musamman wadda aka tsaga daga namijin giginya, baƙa, mai nauyi, daga ɓangaren waje na gangar. Ta cikin gangar fara ce mai taushi, kada a haɗa miki da ita. Mafi araha ita ce ta tsohon gidan ƙasa da ake rushewa don a yi na siminti. Sau da yawa a gefe ake jibge ta ana jiran mai murhu. Ta bushe tun tuni, kuma ba a sare sabuwar giginya saboda ke ba. Aibinta sartse, sai an kankare ta sosai an goge kafin yara su zauna. Ita ma a ɗora ta kan tsakuwa, don ba a yi itacen da zai kwana cikin laka shekara da shekaru bai ruɓe ba.

A kasuwar 'yan katako, ko Panteka a nan wajenku, ko Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, katako yana zuwa ne da tsawon ƙafa 12. Ki nemi mai inci 2 da 6. Kowanne a yanka shi ƙafa 8 da ƙafa 4, guda biyu sun yi zagaye ɗaya ba asarar ko taƙi, guda shida sun ba ki tsayin inci 18. Loko da madaci suna da ƙarko, kirya ta fi su amma da wuya a same ta a miƙe. Obece da malaina su ne masu araha, su ne kuma abincin gara; araha ba ta ado. Ki tafi da kafintan da kika yarda da shi, don a bakin mai sayarwa duk jan katako madaci ne. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙi mai farin gefe, kuma ku saya da rani lokacin da katako ya bushe. Za a ce ki shafa baƙin man mota. A dirkar shinge ma ba na so, balle inda za a ci ganye. Gwamma a babbake fuskar da za ta kalli ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a jikin katakon ta ciki, a bar ƙasan fangalin a buɗe.

Tambaya: Malam, ni a Ingila nake zaune. Sabo zan saya ko tsoho?

Wani ɗalibi, daga Birmingham

Amsa: Sabo, ɗan'uwa. Wanda aka fi sayarwa tsawonsa mita 2.4 ne, faɗi santimita 20, kauri 10. Na itace mai taushi da aka matsa wa magani ya fi na oak (wani itace mai tauri) araha da sauƙin ɗauka, amma ka duba an rubuta UC4, shi ne wanda aka yi don taɓa ƙasa. Duk inda ka yanka ka shafa maganin katako a bakin yankan. Ka je wurin masu sayar da katakon shinge maimakon shagunan furanni, kuma ka tambayi kuɗin kawowa tun kafin ka biya, don a kaya mai nauyi irin wannan yakan cinye rangwamen. In ka haɗa oda da maƙwabci, mota ɗaya ta kawo muku.