Ku Tambaya Mu Amsa: Wasan Cike Gurabe Mai Harshen Damo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gwada wasan cike gurabe na jaridar New York Times, wanda ake rubuta amsoshin tambayoyi harafi-harafi a cikin guraben allo, amma tambayoyin da ke ƙarewa da alamar tambaya suna kayar da ni. Ta ina zan ɓullo musu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan alamar gargaɗi ce: mai tsara wasan yana gaya miki cewa maganarsa harshen damo gare ta, kada ki ɗauki ma'anar da ta fara zuwa miki. A Hausa, kamar a ce "Birnin masu hawaye?" mai gurbi 9. Duk garin da kika lissafo ba zai shiga ba, domin amsar ita ce GARIN KUKA, wanda ake kaɗa miya da shi.

Kada ki fara da irin waɗannan. Wasan kullum gurabe 15 ne a tsaye, 15 a kwance, na Lahadi kuma 21. Fara da gajerun amsoshi masu harafi 3 zuwa 5 da kika tabbatar, da fensir. Kowane harafi yana cikin kalma biyu, ta tsaye da ta kwance, saboda haka gajerun za su ba ki haruffan dogayen amsoshi, inda galibi jigon yake, wato dabarar da ta haɗa su. Da kin gano dabarar doguwar amsa ɗaya, ki gwada ta a kan sauran, don galibi dabara ɗaya ce. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne riƙe amsar da ta yi daidai da yawan gurabe alhali kalmomi biyu da suka gitta ta sun ƙi shiga. Goge ta kawai. Ki kuma lura da ranar: na Litinin ya fi sauƙi, na Asabar ya fi tsauri, na Alhamis kuwa shi ya fi yawan tarko.

Tambaya: Yaya ake gane jigo mai kyau, kuma za a iya tsara irin wannan da Hausa? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malam, ma'aunin farko shi ne adalci. Dole amsar ta zama magana da mutane ke faɗa, kuma ma'ana ta biyu ta zauna daram. GARIN KUKA ta cika wannan. Abokiyar zamanta a ɗaya ɓangaren allon FARIN WATA ce, ita ma harafi 9, kuma daidaiton tsawon wajibi ne, domin ƙa'ida ce idan aka juya allon kai ƙasa, baƙaƙen gurabe, waɗanda ba a rubutu a cikinsu, su faɗa inda suke. Amma wanda ya rubuta mata "Juya idon wata budurwa?" ya yi kuskure, ya saka kalmar amsa cikin tambaya. "Yangar idon budurwar da ba a ambata ba?" ta fi. Jigon da amsoshinsa uku suka bi hanya ɗaya, ta huɗu ta kauce, a wurinmu bai nuna ba.

Hausa tana da arzikin wannan wasa, tunda rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: wuya, dawa, kai, baba, kowacce ma'ana biyu ko fiye. Sai dai akwai ƙaya. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, don haka ƙ, ɗ da ɓ su yi daidai a tsaye da kwance. A kuma sanar tun farko ko sh da ts gurbi ɗaya za su ci ko biyu.

Babbar matsalar tana layin ƙasa da na gefen dama. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, sai layin ƙarshe ya cika da wasula zalla, ya ƙi ba da kalma. Ka tanadi irin su malam, tebur, takwas, biyar, kullum da ashirin don waɗannan wurare. In sun gaza, ka ɗauki tsarin Ingila, inda kusan rabin haruffa ne kawai ake gittawa, ka fara da allo mai gurabe 9 a kowane gefe.