Shafin da Nake Nazari da Shi Ya Ɓace

Tambaya: Malam, na ajiye adireshin wani shafi da nake nazari da shi, yau na koma na tarar an goge shi. Yaya zan riƙa adana shafuka a kwamfutata, in karanta ko babu intanet?

Amsa: 'Yar'uwa, adireshi kawai kika ajiye, shafin kuwa yana hannun masu shi. Ranar da suka sauke shi, shi ke nan. Fara leƙa Wayback Machine, rumbun adana kwafin shafukan intanet, wanda ƙungiyar Internet Archive ta buɗe wa jama'a a 2001, wataƙila sun kwafe shi.

Wajen adana shafuka kuwa, ni dai SingleFile nake amfani da shi, wato wata ƙaramar manhaja da ake ƙarawa a burauza. Ki ɗora shi a Firefox ko Chrome, dannawa ɗaya zai dunƙule rubutu da hotuna cikin fayil guda na HTML. Amma ki gangara har ƙasan shafin tukuna, don wasu hotunan ba sa buɗewa sai an iso kansu.

In shafukan suna da yawa, akwai ArchiveBox, shi ma na adana shafuka ne, kyauta ne, yana ajiye su a PDF da WARC (wani tsarin fayil na adana shafukan intanet), sai dai kafa shi sai mai haƙuri. Kowanne kika zaɓa, ki kwafi fayilolin a faifai na biyu, kwamfuta ma tana mutuwa.