Aron baki a waƙar Larabci da Farisanci ta zamani: ina ake gane shi?

Malama, kin tambaya ko duk waƙar zamani da ta ambaci Hallaj, sufin da aka kashe a Bagadaza, ko Mutanabbi, shahararren mawaƙin Larabawa na da, ta shiga abin da Larabawa ke kira ƙina'i, wato mawaƙi ya sa fuskar wani na da. A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa a kundin digiri.

Fara da tambaya ɗaya: wa ke cewa "ni" a waƙar? In mutumin da ne ke magana da bakinsa tun daga farko har ƙarshe, mawaƙi ya ɓuya a bayansa, to wannan aron baki ne na gaske. In kuwa kiransa kawai ake yi, ko ana ba da labarinsa, ambato ne. Dubi Amal Dunƙul na Masar. A waƙarsa ta Zarƙa'ul Yamama, matar nan mai hangen nesa ta labaran Larabawa, bayan kayen da Larabawa suka sha a hannun Isra'ila a 1967, ba Zarƙa'u ke magana ba. Wani da ya dawo daga fagen fama jina-jina ne ke kuka a gabanta. Amma a "La tusalih" (Kada ka yi sulhu), Kulaibu, jarumin zamanin Jahiliyya, shi ne da kansa, yana gargarar mutuwa, yake yi wa ƙaninsa wasiyyar kada ya yi sulhu. Waƙar ta fito kafin shugaban Masar Sadat ya je Ƙudus neman sulhu da Isra'ila a 1977, kuma babu wanda bai gane wa ake nufi ba.

Daga nan sai ki nemi inda fuskar ta tsage da gangan, don ta nan ake leƙo zamanin mawaƙin. Misalin da na fi so shi ne waƙar da Dunƙul ya ari bakin Mutanabbi a fadar Kafur, mai mulkin Masar a zamanin Mutanabbi. Dunƙul ya ɗauko baitin Mutanabbi na Idi da kowa ya haddace, ya cire kalmar "tajdid" (sabuntawa) ta ƙarshensa ya sa "tahwid", yahudantar da ƙasa. Wannan ɗan sauyi ya jawo waƙar shekara dubu zuwa yaƙin jiya. Mawaƙin da bai bar irin wannan tsaga ba tarihi kawai ya rera. Wanda ya cika tsagawa kuma, har Hallaj ya koma yana jawabin jam'iyya, ya ari bakin bawan Allah ya ci masa albasa. Bayati na Iraƙi, wanda ya yi bayanin dabarar a littafinsa na 1968, ya yi ta da Hallaj da tsoffin mawaƙa Ma'arri da Khayyam, kuma a ganina wani lokaci muryarsa takan danne tasu.

Kada ki auna Farisa da mudun Larabawa. Mawaƙan Farisa sun fi dogara da Shahnama, doguwar waƙar sarakuna da jaruman Farisa na da, kuma sun fi sa mai ba da labari a tsakani. Bayan kifar da firaministan Iran Musaddiƙ a 1953, Siyawash Kasra'i ya fitar da waƙarsa ta jarumi Arash mai kwari da baka a 1959, wani tsoho ke ba yara labarin a daren dusar ƙanƙara. Akhawan Salis kuma, a "Khan-e Hashtom", ya sa maroƙin gidan shayi yana ba da labarin Rustam, jarumin Shahnama, a ramin da ɗan'uwansa Shagad ya haƙa masa. Babu "ni" na jarumin a nan, don haka ki ware musu babi dabam.

Mihyar na Adonis, mawaƙin Siriya, a littafinsa na 1961, shi ma ki yi hattara da shi: sunan wani mawaƙi na da, Mihyar Dailami, Adonis ya ɗauka, amma mutumin ƙirƙirarsa ne.