Amsa kan sharar tsakar gida da ragowar abinci

Hajiya, kin tambayi yadda za ki yi da ɓawon kayan miya da busasshen ganye da ke tarar miki a gida nan Maradi. Don Allah kada ki ƙone su. Ki sa a haƙa rami a inuwa, ki riƙa zuba su da kashin awaki da ɗan toka, kina yayyafa ruwa, don in ya bushe da zafin rani ba zai ruɓe ba. Ki juya shi duk sati biyu. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya zama taki, irin wanda masu lambu a bakin gulbi ke nema. Leda dai ki tsince ta. Ragowar tuwo kuwa, a ba almajirai tun bai lalace ba.