Tsoro, Kwarjini da Mulki a Tsoffin Littattafanmu

Tambaya: Malam, mene ne bambancin tsoro da kwarjini? Malaminmu ya ce tsoron sarki ne ya cika tsoffin littattafan Hausa.

Amsa: Malaminku ya yi gaggawa, 'yata. Tsoro a zuciyar mai jin sa yake. Kwarjini kuwa a jikin mai shi yake, shi ke sa ki sunkuyar da kai ko babu dogari a kusa. Abin da ke damuna, yau komai "tsoro" ne a bakin masu magana a rediyo. Ina fargaba? Ina shakka, ina razana? Duk an watsar.

Ki koma ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Ba kwarjinin sarki ke jan labarin ba. Makau, mijin uwar Umar, sharrin fadawa 'yan'uwansa ne ya sa aka kore shi bayan an dawo daga hari. Yaron kuma sace shi aka yi, har ya ƙetare hamada a hannun Balarabe, uwarsa ta bi sawu ita ma ta faɗa bauta. Wannan fargaba ce, ta mutanen da ba su da tabbacin ɗansu zai kwana gida. Lokacin da aka rubuta shi waɗanda suka ga hari da idonsu suna nan da rai, doka ma ba ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Ganɗoki na Bello Kagara, tsaransa ne, amma can mulki ya riga ya kuɓuce wa sarakuna. Kwantagora ta faɗa hannun Turawa a 1901, Kano da Sakkwato a 1903. A ganina shi ya sa jarumin ya tafi cin nasararsa a ƙasar aljannu, tunda a hannun hukumar Turawan littafin zai fito.

Tambaya: Me ake nufi da "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi"?

Amsa: Jama'a in ta haɗa kai ta fi ƙarfin mai ƙarfi. 

Tambaya: Jangali Turawa suka kawo shi?

Amsa: A'a. Harajin shanu ne, kuma ya girme su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shi cikin zaluncin sarakunan Hausa a littafinsa Kitabul Farƙ. Turawa tarar da shi suka yi, suka ci gaba da karɓa.